Tambaya da Amsa: In yi wa ƙungiyata fatan faɗuwa don ta samu zaɓi na farko?

TAMBAYA

Ina rubuto maka ne daga Gammo, a ƙaramar hukumar Kabo. A garinmu kowa ɗan ƙwallon ƙafa ne, gidan kallo ba a kunna komai sai Firimiya da Laliga, ni kuwa Allah ya ɗora mini son ƙwallon kwando. A waya nake bin gasar NBA, wani lokacin in tashi cikin dare idan akwai caji da data. Toronto nake goyon baya tun 2019, saboda na ji cewa mutumin Zariya ne ya haɗa ƙungiyar da ta ci kofi a shekarar. Yanzu taurarin nan duk sun watse, shi ma an raba shi da aikin. Abokan hirata suna cewa gara ƙungiya ta yi ta faɗuwa da gangan domin ta samu zaɓi na farko idan an zo rabon sababbin 'yan wasa. Malam, yaya ake wannan zaɓen? Gaskiya ne akwai maguɗi a ciki, kamar yadda ake faɗa game da Dallas? Sannan ina da ƙane ɗan shekara 16 wanda ya fi kowa tsawo a makarantarsu. Akwai hanyar da zai bi har a zaɓe shi?

Daga wani mai karatu a Gammo.

AMSA

Kada ka yi wa ƙungiyarka fatan faɗuwa. Dalilin yana cikin tarihin Toronto ɗin da kake so, amma bari mu fara da yadda ake zaɓen, tunda shi ne tushen gardamarku.

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa mun saba da cewa mai kuɗi shi ke sayen gwani, wanda ya ƙare a ƙasan teburi kuma ya faɗa rukunin 'yan dagaji, kamar yadda ya faru da Kano Pillars, Sai Masu Gida, a 2022. A NBA ba haka tsarin yake ba. Ƙungiyoyi 30 ne, babu mai sauka babu mai hawa. Masu ƙungiyoyin sun fahimci cewa idan biyu ko uku suka mamaye kofi kullum, 'yan kallon sauran garuruwa za su daina zuwa, kowa ya yi asara. Shi ya sa duk shekara a watan Yuni ake jera matasan da suka cancanta, daga jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin wasu ƙasashe, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Zagaye biyu ne, kowane zagaye gurbi 30. Dole yaro ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen. Ba shi da ta cewa game da garin da zai je, kuma albashin 'yan zagayen farko a ƙayyade yake gwargwadon lambar da aka ɗauki mutum. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke kan gaba a layi.

To ka ga inda ɓaraka take. Idan shan kashi yana kawo lada, wani zai sha da gangan. A 1984 an zargi Houston da sakin wasanni a ƙarshen kaka, kuma su ne suka samu zaɓi na farko suka ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Shekara ta gaba, 1985, aka shigo da ƙuri'a. Daga baya ƙungiyoyi 14 da suka kasa shiga zagayen neman kofi suka zama su ne a cikinta. A gyaran da ya fara aiki a 2019, uku mafi lalacewa kowacce tana da kashi 14 cikin ɗari na samun zaɓi na farko, sauran kuma rabonsu yana raguwa har zuwa ƙasa, kuma gurbi huɗu na sama kawai ake jefa wa ƙuri'a. Ka lura da lissafin da kyau: ƙungiyar da ta zubar da shekara guda tana shan kunya, kashi 86 cikin ɗari ba za ta samu abin da take nema ba. Detroit ta ƙare a ƙarshe a 2023 da nasara 17 kacal cikin wasa 82, ƙuri'a ta jefa ta na biyar. A kakar da ta biyo baya ta sha kashi sau 28 a jere, ta ci wasa 14, aka sake jefa ta na biyar. Utah ce ta ƙarshe a 2025, ita ma na biyar ta samu. Ka karanta wa abokan hirarka wannan.

Batun maguɗi ya daɗe. Tun ƙuri'ar farko ta 1985, lokacin da New York ta samu Patrick Ewing, mutane ke cewa an shirya ne domin babban birni ya samu tauraro. Na Dallas kuwa na fahimci abin da ya sa ya tsaya wa mutane a rai. A Fabrairun 2025 suka ba Lakers Luka Doncic a musayar da magoya bayansu suka yi ta kuka da ita, bayan wata uku kuma sai ga su da zaɓi na farko alhali rabonsu kashi 1.8 ne cikin ɗari, suka ɗauki Cooper Flagg. Amma dubi yadda ake yin ƙuri'ar. Ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba ake zubawa a na'ura, a fitar da huɗu. Haɗin lambobin da zai iya fita 1,001 ne, an raba 1,000 ga ƙungiyoyin tun kafin a fara. A ɗakin akwai wakilin kowace ƙungiyar da abin ya shafa, da 'yan jarida, da kamfanin binciken kuɗi na Ernst & Young. Kafin a yi maguɗi sai ƙungiyoyi 13 sun yarda a cuce su a gaban idonsu, kan yaron da zai iya sauya darajar ƙungiya na shekara goma. Ni ban yarda ba. Abin da rabonsa kaɗan ne yana faruwa idan ana maimaita ƙuri'a duk shekara: Atlanta ta ci a 2024 da kashi 3, New Orleans a 2019 da kashi 6.

Ba zan ce maka zaɓi na farko banza ba ne. San Antonio ta ɗauki Tim Duncan a 1997 ta ci kofi biyar da shi, ta sake dacewa da Victor Wembanyama a 2023. Hakeem ya kawo wa Houston kofi a 1994 da 1995, kuma a Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka ba shi kyautar gwarzon wata. Irin waɗannan suna zuwa, amma ba kowace shekara ba. A 1998 Clippers suka ɗauki wani haifaffen Legas, Michael Olowokandi, a matsayin na farko, suka bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce a layi. A 2013 Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett, wanda bai daɗe a gasar ba, ƙungiyoyi suka yi ta tsallake wani siririn yaro ɗan 'yan ci-ranin Najeriya da ke wasa a ƙaramin rukuni a Girka, sai a lamba ta 15 Milwaukee ta ɗauke shi. Giannis Antetokounmpo ke nan, wanda ya zuba maki 50 a wasan da ya ba su kofi a 2021. Nikola Jokic na Sabiya sai a lamba ta 41 aka tuna da shi a 2014. Kai mutumin karkara ne, ka san kasuwar dabbobi: kowa yana ganin ƙosasshen sa, amma gwanin kiwo shi ne mai duba ramammen maraƙi ya gane ƙashin da zai ɗauki nama nan da baɗi, sannan ya san abin da zai ciyar da shi. Philadelphia ta gwada dabarar abokanka a fili, har ta ci wasa 10 kawai a kakar 2015 zuwa 2016. Ta samu Joel Embiid na Kamaru a wannan zamanin, ta kuma samu zaɓi na farko sau biyu a jere, a 2016 da 2017, amma har zuwa 2025 ko wasan ƙarshe na shiyyarsu ba su kai ba.

Yanzu ga mutumin naka. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, kuma a can ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello har ya zama ɗan gida. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai, sannan a 2002 ya fara yi wa Orlando aikin farautar 'yan wasa ba albashi, yana biyan kuɗin tafiyarsa da kansa. Daga nan ya hau har ya jagoranci Denver, aka ba shi kyautar shugaban ƙungiya mafi ƙwazo a 2013, Toronto ta kira shi a shekarar.

Ka dubi ƙungiyar 2019 da ta sa ka fara son wasan. Babu mutum ɗaya a cikinta da aka ɗauka a cikin 14 na farko. Kawhi Leonard shi ne aka fi ɗauka da wuri, na 15 a shekararsu. Kyle Lowry na 24, Serge Ibaka na 24, Marc Gasol na 48. Pascal Siakam, ɗan Kamaru da ya yi makarantar horar da limaman coci kuma bai fara wasan da gaske ba sai da ya kusa gama sakandare, Toronto ce ta ɗauke shi da lamba ta 27 a 2016. Fred VanVleet ba wanda ya zaɓe shi sam, aka kira shi bayan an tashi. OG Anunoby, mai tushe a Najeriya, na 23 ne a 2017, saboda wasu sun ji tsoron raunin gwiwarsa. Waɗannan yaran an tura wasu ƙaramar ƙungiyar Toronto sun yi ta wasa ana gyara su, shekara da shekaru ƙungiyar tana cin wasanni tana shiga zagayen kofi. Da lokaci ya yi sai Ujiri ya yi abin da ke buƙatar ƙarfin hali: a 2018 ya sallami Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi kocin da ya fi kowa, ya kuma ba da DeMar DeRozan, wanda duk garin ke ƙauna, ya karɓo Kawhi da saura shekara ɗaya a yarjejeniyarsa kuma yana fama da rauni. Da abin bai yi ba, da shi za a zaga. Abin ya yi.

Faɗuwar da ke damunka kuwa tana da sanadi. Kawhi ya tafi Clippers wata guda bayan kofi. Annobar korona ta hana su wasa a Kanada, suka yi kakar 2020 zuwa 2021 a matsayin baƙi a Tampa. Lowry ya tafi, VanVleet ya tafi Houston a 2023 ba tare da an samu komai a madadinsa ba, sannan aka yi musayar Anunoby da Siakam a tsakiyar kakar da ta biyo, lokacin da yarjejeniyarsu ta kusa ƙarewa kuma farashinsu ya sauka. A ganina nan ne Ujiri ya yi jinkiri. Ya riƙe mutanen da ya rena fiye da yadda kasuwar ke yafewa, kuma ina ganin wannan laifi ne irin na mutumin kirki. Siakam ya kai Indiana wasan ƙarshe a 2025, a watan da Toronto ta rabu da Ujiri. Waɗanda suka doke Indiana, wato Oklahoma City, sun yi shekara biyu a ƙasa, ba na musun wannan, kuma da haka suka samu Chet Holmgren. Amma jagoransu Shai Gilgeous-Alexander na 11 ne a 2018, kuma ta hanyar musaya suka same shi. Abin da za ka sa wa ido a Toronto shi ne ko waɗanda Ujiri ya bari sun gaji idonsa, da kuma yadda Scottie Barnes da yaran da ke kewaye da shi suke girma.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba, amma ita ta fi ci mini rai. Kana tashi tsakar dare saboda ƙungiyar da ke Kanada, alhali idan ka hau motar Kano ka sauka ka nufi Ƙofar Mata, a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha, akwai ƙungiyar da ta fi kowace tarihi a ƙwallon kwandon ƙasar nan a zamaninta. Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin Najeriya a 2008 da 2009 da 2010, ta sake a 2013 da 2014, sannan 2016 da 2017. A 2016 ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Koci Sani Ahmed da 'yan wasa irin su Abubakar Usman sunaye ne da ya kamata duk mai son wasan a jihar nan ya sani. A lokacin akwai gasa mai tsari, shiyyar Savannah a Arewa da ta Atlantic a Kudu, DStv na ɗaukar nauyi ana nunawa a talabijin, Pillars na karawa da Gombe Bulls da Mark Mentors da Plateau Peaks.

Abin da ya karya wannan ba ƙuri'a ba ce, ba kuma rashin gwanaye ba. A Yunin 2017 aka yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa sau biyu a kwana biyu: ranar 12 a Kano aka zaɓi Tijjani Umar, ranar 13 a Abuja aka zaɓi Musa Kida. Daga nan sai kotu, sai gasar gida ta tsaya, aka koma shirya gajerun gasa na 'yan makonni don a samu wanda zai wakilci ƙasa. Rikicin ya ja har a Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta ce ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ta janye maganar bayan 'yan makonni, amma kafin nan 'yan matanmu, zakarun Afirka, sun rasa gurbinsu na gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Abin takaicin shi ne a daidai waɗannan shekarun NBA da hukumar FIBA suka kafa gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, da kuɗi da talabijin da masu farautar 'yan wasa a bakin fili. Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons su suka riƙa wakiltar Najeriya, Hoopers har ta zo ta uku a 2024. Da an buɗe wannan ƙofar shekara biyar kafin nan, Pillars ce za ta fara shiga.

Mutane suna tuna daren Yulin 2021 da 'yan wasan Najeriya, D'Tigers, suka doke Amurka da ci 90 da 87 a Las Vegas, shekara tara bayan Amurkar ta yi mana 156 da 73 a Landan. Ni ma na yi murna. Sai dai kusan duk waɗanda suka buga wasan a ƙasashen waje aka rene su. Ƙasa tana iya cin wasa da 'ya'yanta na ƙetare alhali yaron Kabo ba shi da gasar da zai nuna kansa.

Wannan ya kawo mu ga ƙanenka. Shekara 16 bai makara ba. Hakeem mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu, sai da makarantarsu ta je wata gasa a Sakkwato aka saka shi a ƙwallon kwando. Embiid ma yana kusan sa'an ƙanenka lokacin da Luc Mbah a Moute ya gano shi a wani sansanin horo a Kamaru. Amma gurbin zaɓen bai wuce 60 ba a shekara ga duniya baki ɗaya, kuma ko an kira sunan mutum ba a gama ba. Ejike Ugboaja daga ƙungiyar Union Bank ta Legas Cleveland ta ɗauke shi da lamba ta 55 a 2006, bai buga ko wasa ɗaya a NBA ba, amma ya ci abinci da wasan a ƙasashen waje ya kuma wakilci Najeriya a gasar Olamfik. Precious Achiuwa da Udoka Azubuike, haifaffun Najeriya biyu da aka ɗauka a zagayen farko a 2020, dukansu tun suna sakandare suka tafi Amurka. Yanzu akwai hanyar da ba sai an bar nahiyar da wuri ba: makarantar horarwa ta NBA da ke Saly a Senegal, inda Ulrich Chomche na Kamaru ya fito ya tafi Toronto a 2024, da Khaman Maluach na Sudan ta Kudu wanda ya bi ta Jami'ar Duke aka ɗauke shi na 10 a 2025. Akwai kuma sansanonin Giants of Africa da Ujiri ya kafa tun 2003.

Duk waɗannan ƙofofin ba sa buɗewa ga yaron da ba wanda ya taɓa gani yana wasa. Saboda haka abin farko shi ne ka kai shi Kano lokacin hutu, ku je ɗakin wasanni na Ƙofar Mata, ku gaida masu horarwa, ku roƙi a duba shi. Koci zai kalli ƙafarsa da hannunsa da yadda yake gudu da yadda yake karɓar gyara, domin dogo mai nauyin ƙafa yana da yawa. Idan sun ga alama, ku nemi makarantar da ke shiga gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda ta shafe sama da shekara 20 tana fito da yara. Kada ya saki karatu ko na zango ɗaya, don hanyar Amurka ta makaranta ce, kuma ba sa karɓar wanda takardunsa ba su cika ba. Ko bai ƙetare ba, Jami'ar Bayero da ke kan hanyarku ta Gwarzo da ta Ahmadu Bello suna da ƙungiyoyinsu, haka ma hukumomi irin su kwastan suna ɗaukar 'yan wasa.

Ku kiyayi abu biyu. Kada kowa ya ba ku shawarar rage masa shekaru. Takardar haihuwarsa ta gaskiya ita ce za ta zauna a fasfo da makaranta da ko'ina, domin ranar da aka gano saɓani duk wahalar ta tashi a banza. Sannan za ku haɗu da masu cewa su dillalai ne, suna da makaranta a Amurka ko ƙungiya a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Kada a sayar da gona ko shanu saboda maganar irin waɗannan. Duk wanda ya zo da tayi, ku kai shi gaban kocin da ke horar da yaron da kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha, a ga takardar gayyata daga makarantar kanta, a kira su a tabbatar, kuma mahaifinku ya kasance a wurin kafin a sa hannu a kan komai.